Tashar da ba a gaisawa

A tsakiyar birnin Paris, ƴan taku kaɗan daga fadar magajin gari, ga kuma gidan shari'a da hedikwatar ƴan sanda a tsallaken gada, akwai wata tasha da ba a ganin komi nata daga titi sai ƙofofinta. Sunanta Châtelet–Les Halles. Layuka biyar na jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda Faransawa ke kira metro, a nan suke haɗuwa: na 1, na 4, na 7, na 11 da na 14. Ban da su akwai layuka uku na manyan jiragen RER, wato A da B da D, masu kwaso mutanen unguwannin bayan gari su juye su a cikin birni. An ƙiyasta mutum 750,000 ke bi ta wannan wuri a ranar aiki guda. Ga wanda ke son ma'auni, adadin ya zarce mutanen birnin Maraɗi da na Damagaram in an haɗa su, bisa ƙidayar 2012. Kuma da yawansu ba nan suka nufa ba. Sun sauka daga wani jirgi ne don su kama wani, suna ratsa dogayen hanyoyi masu farin bango, suna hawa matakala suna sauka, kowa da saurinsa.

Duk wanda ya je can daga cikinmu ya dawo, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko malamin lakwal da aka tura ƙaro ilimi, da wuya ka zauna da shi bai kawo maganar nan ba: mutanen ba su gaisawa. Kafaɗa na gugar kafaɗa, numfashin wani na dukan ƙeyarka, amma ba mai ce maka sannu, ba ma mai yarda idonsa ya sauka cikin naka. Masu sauraro su riƙe baki, a yi salati, wani dattijo ya yanke hukunci cewa dukiya ta cinye musu imani. Hukuncin yana da daɗin ji, domin yana mayar mana da wani abu da talauci ya ƙwace: ko ba mu da jirgin, ai muna da mutunci. Abin da nake so mu bincika shi ne ko hukuncin ya yi adalci. Mutumin da ya wuce ka bai dube ka ba, ya tauye maka wani haƙƙi ne? In kuwa bai tauye ba, to mene ne haƙƙin wanda ba ka sani ba a kanka, a wurin da waɗanda ba ka sani ba suka fi ƙarfin ƙidaya?

Kafin a amsa, yana da kyau a san cewa wurin bai taɓa zama kufai ba, kuma ba kullum yake shiru ba. Tun ƙarni na 12 kasuwar abinci ta Paris ke ci a nan. Ita ce Émile Zola ya yi wa littafi a 1873 ya kira ta tumbin Paris, littafin da da yawa daga cikinmu muka karantar a aji. Kasuwa ce irin wadda muka sani, ta ciniki da rantsuwa da zagi da bashi, inda mai kifi ta san sirrin mai nama. A gefenta akwai maƙabartar Innocents, inda aka yi ƙarnuka ana zuba talakawa cikin ramukan taro, har aka rufe ta a 1780 saboda wari da cuta, aka kwashe ƙasusuwan daga 1786. Sunan Châtelet kuwa na wani tsohon ginin tsaro ne da ya zama kotu da kurkuku, wanda aka rushe a farkon ƙarni na 19. Filin da ke gaban fadar magajin gari a da Place de Grève ake ce masa. Nan marasa aiki ke tsayuwa da safe suna jiran mai ɗauka, daga nan ne kuma kalmar grève, da muke fassarawa da yajin aiki, ta samo asali. Malaman Faransanci na iya ajiye wannan don ranar da ƴan makaranta suka fita grève. An kwashe kasuwar zuwa Rungis a 1969, aka fara rusa rumfunanta na ƙarfe a 1971, aka haƙa ƙaton rami a gurbinsu, cikin ramin aka buɗe tashar RER a Disamban 1977. Jikokin masu surutun kasuwa su ne masu shirun tasha. Ba jinin mutanen ya sāke ba, wurin ne ya sāke, tare da abin da yake nema daga gare su.

Mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi irin na ƴan firamare. Gaisuwar kirki a wajenmu, wadda za a tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi, ba ta kasa rabin minti ba, in ma an gaggauta. A ce mai sauya jirgi a Châtelet yana gilmawa da mutum dubu tsakanin wannan dandamali da wancan, abin da ba ƙari ba ne a lokacin tashi daga aiki. In zai ba kowa haƙƙinsa na rabin minti, zai yi sa'a takwas da minti ashirin bai kai ga jirginsa ba. Gaisuwarmu an ɗinka ta ne daidai jikin gari inda waɗanda za ka haɗu da su a yini ba su fi ƙarfin bakinka ba, kuma inda za ka sake ganinsu gobe. Alkawari ce ake sabuntawa: na san ka, na san gidanku, abin da ya same ka ya same ni. Wanda ya ɗauki irin wannan alkawari ga mutum dubu da ba zai ƙara gani ba, ƙarya ya yi musu, ko da da murmushi ya yi ta.

Wani masani Bajamushe, Georg Simmel, ya yi wannan tunani tun 1903, yana duban Berlin ta zamaninsa. A ganinsa ɗan babban birni yana janye jikinsa ne don ya tsira da hankalinsa, domin da zai buɗe zuciya ga duk fuskar da ya gani kamar yadda ɗan ƙaramin gari ke yi, da ya tarwatse. Wannan uzuri ne, kuma karɓaɓɓe. Amma uzuri abin da ake ba mai laifi ne, ni kuwa ina ganin akwai abin da ya fi uzuri a nan. Erving Goffman, a wani littafi na 1963 a kan halayyar mutane a bainar jama'a, ya lura cewa baƙi biyu in za su gilma ba makancewa suke yi ba. Kowane yana ɗaga ido tun daga nesa, ya nuna ya ga ɗan'uwansa, a raba hanya ba tare da magana ba, sa'an nan ya sauke ido daidai lokacin da suka kusanci juna. Ya kwatanta abin da direbobi biyu masu rage hasken fitila da dare. Za mu iya kiransa kau da kai na ladabi. Ma'anarsa ita ce: na gan ka, ba na tsoronka, ba na zarginka, ba ni da wata bukata a kanka, je ka abinka. Wanda ya taɓa tsayuwa cikin cunkoson jirgi ya san aiki ne mai wuya. Sai ka nemi inda za ka ajiye idonka, ka tattara gwiwarka, ka juya jakarka, ka yi kamar ba ka ji hirar da ake yi da waya dab da kunnenka ba. Mutum ɗari biyu a tarago suna wannan aiki tare, ba wanda ya umurce su.

Abin mamaki shi ne mu da muke zargi, harshenmu ya fi nasu sanin darajar wannan hali. Muna da kalmar sa ido, kuma ba yabo ba ce. Muna da ganin ƙwaf. Muna roƙon rufin asiri fiye da yadda muke roƙon arziki, muna yaba mai kara, wanda ya ga abin kunyarka ya yi kamar bai gani ba. Malamai ma in suna lissafa haƙƙoƙin hanya, runtse ido suke ambata tare da amsa sallama. To me ya sa in maƙwabci ya kau da kai muke ce masa dattijo, in Bafaranshe ya yi mu ce ba shi da imani? Kuma wanda duk ya girma a unguwa ya san kuɗin da ake biya na zama sananne. Matar da ta shekara biyar ba ta haihu ba, gaisuwar kowace safiya tana ɗauke da tambayar da ba a furta ba. Saurayin da ya fāɗi jarrabawar BAC karo na biyu ya kan sauya hanya don kada ya bi ta gaban majalisar dattawa. Wanda aka sallama daga aiki, kafin ya iso gida labari ya riga shi. Ga irin waɗannan, sa'a guda a cikin taron da ba wanda ya san su hutu ne. A hanyoyin Châtelet mace na iya tafiya tana hawaye ba wanda zai kai labari gidan surukanta. Alƙali da mai shara suna riƙe da ƙarfe ɗaya, ba wanda ya durƙusa wa wani. Gaisuwarmu, mu faɗi gaskiya, ba ƙauna kaɗai take ɗauke da ita ba. Tana kuma tuna wa kowa matsayinsa, wa zai fara, wa zai cire takalmi, wa zai amsa da ka kawai.

Marc Augé, wanda ya fara aikinsa na nazarin al'adu a kudancin Côte d'Ivoire, ya juyo da idon nan kan mutanensa ya rubuta littafi a kan metro na Paris a 1986. Ko ba komi, ya biya mana wani bashi: an daɗe ana zuwa ana auna mu.

Ana gane darajar abu ranar da aka hana shi. Layin RER B da na D suna zuwa ne daga unguwannin arewa, inda ƴaƴa da jikokin baƙin haure daga Afirka ta Arewa da ta Yamma suka fi yawa, kuma Les Halles ta zama ƙofar da samarin waɗannan unguwanni ke shiga Paris ta cikinta. Tsakanin Oktoban 2007 da Mayun 2008, wasu masu bincike na cibiyar CNRS, ƙarƙashin Fabien Jobard da René Lévy, sun tsaya a wurare biyar a tashar Gare du Nord da Châtelet–Les Halles da kewayensu, suna ƙidaya wa ke wucewa, wa kuma ƴan sanda ke tsayarwa su tambayi takardu. Sun shaidi tsayarwa 525. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa, a matsakaici, wanda ake gani baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar a tsayar da shi sau shida, wanda ake gani Balarabe kuwa kusan sau takwas. Tufafi ma na da nasu rabo: masu shigar samarin zamani kashi 10 cikin ɗari ne na masu wucewa, amma su ne kashi 47 na waɗanda aka tsayar. Daga baya wasu mutum goma sha uku suka kai gwamnati ƙara, aka yi ta ɗaukakawa, har a ranar 9 ga Nuwamban 2016 kotun ƙoli ta Cour de cassation ta tabbatar da cewa tsayar da mutum saboda kamanninsa kaɗai babban laifi ne da ke hawa kan gwamnati, ta kuma tabbatar da hukuncin a kan uku daga cikin ƙararrakin.

A duba abin da mutanen nan suka je nema gaban alƙali. Ba cewa suka yi ba a gaishe su ba. Cewa suka yi an gan su fiye da kima. Abin da suke so shi ne a wuce su kamar yadda ake wuce kowa, su ratsa tasha da tikitinsu a hannu ba wanda ya ware su daga cikin dubu. Ashe rashin kulawar da matafiyinmu ya dawo yana kuka da ita gata ce, wadda ba kowa aka ba ba. Ido wa ka raina, in ji Hausawa. A nan wanda aka raina shi ake kafa wa ido.

Zuwa nan na tsaya wa mutanen tasha. Amma dattijon da ya yanke hukunci bai gama magana ba, kuma abin da ya rage masa ya fi na farko nauyi. Zai ce: na ji, kada a gaishe ni. To in na yanke jiki na fāɗi fa? Idon da ya saba sauka ƙasa, wa ya ce zai iya ɗagowa ranar da ake bukatarsa? Hali ai zanen dutse ne.

Tsoron nan ba namu kaɗai ba ne. A Maris na 1964 aka kashe wata matashiya, Kitty Genovese, a wata unguwa ta New York, jarida ta buga cewa mutum 38 sun shaida abin ba wanda ya motsa. Labarin ya zagaya duniya, ya shiga littattafan makaranta, masana biyu, John Darley da Bibb Latané, suka gina masa bayani a 1968: yawan masu kallo yana rarraba nauyi, kowa na cewa wani zai yi, har a rasa mai yi. Bayanin yana da gaskiyarsa a ɗakin gwaji. Sai dai labarin da ya haife shi an ƙara masa gishiri; babu shaidu 38 da suka ga abin daga farko har ƙarshe, an sami wanda ya kira ƴan sanda, wata maƙwabciya kuma ta fito ta rungume ta har motar asibiti ta zo. Jaridar da kanta ta amsa hakan a 2016. Abin lura shi ne yadda duniya ta yi saurin gaskata shi. Muna son a ce mana mutanen birni mugaye ne.

A cikin metro ɗin kansa aka gwada. A 1968, Irving Piliavin da Jane Piliavin da Judith Rodin suka shirya ɗalibai a wani jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York, a wani tsakani da jirgin ke yin kusan minti bakwai da rabi bai tsaya ba. Ɗaya daga cikinsu zai yi tangaɗi ya fāɗi, sauran su zauna suna rubuta abin da ya faru. Sun yi haka sau 103. Inda mai fāɗuwar ke riƙe da sanda kamar marar lafiya, fasinjoji sun taimake shi da kansu sau 62 cikin 65, galibi cikin ƴan daƙiƙoƙi. Kuma yawan mutane a tarago bai rage taimakon ba. A 2019 wasu masu bincike ƙarƙashin Richard Philpot suka duba hotunan kamarar titi na rigingimu 219 na gaske a Amsterdam da Lancaster da Cape Town, suka tarar cewa a tara cikin goma an sami aƙalla mutum ɗaya da ya shiga tsakani, kuma in taron ya fi yawa, yiwuwar samun mai shiga ta fi yawa. Idon da ke ƙasa ba barci yake ba.

Faransa ma ba ta bar abin ga kirkin mutane kaɗai ba. Dokar hukunta laifuka, a aya ta 223-6, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar Yuro 75,000 ga wanda ya ga mutum cikin haɗari, yana da ikon taimaka masa ko kiran masu taimako ba tare da ya jefa kansa ko wani cikin haɗari ba, ya ƙi da gangan. Ƙasar da ba ta wajabta maka cewa sannu ba ta wajabta maka tsayawa. Wannan rabon haƙƙi ne da ya cancanci a yi tunani a kansa, domin mu sau da yawa a juye muke yinsa: gaisuwa dole, amma in kabu-kabu ya kaɗe mutum sai a kewaye shi ana kallo, ana tsoron a taɓa kada a ce da kai a zo a ba da shaida. Ba kullum ba, na sani. Na kuma san akwai masu sa shi a mota tun kafin a tambaye su. Amma wanda bai taɓa ganin da'irar nan ta ƴan kallo ba, bai daɗe a bakin titi ba.

Da gwajin New York ya tsaya ga mai sanda, da na rufe magana a nan da farin ciki. Bai tsaya ba. A wasu lokutan mai fāɗuwar yana warin giya, da kwalba a hannu cikin takarda. Shi kuwa sau 19 kaɗai cikin 38 aka taimake shi, kuma sai an jima. Mutum ɗaya ne, fāɗuwa ɗaya, ƙasa ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne hukuncin da fasinjoji suka yanke cikin ƙiftawar ido: wannan ƙaddara ce ta same shi, wancan shi ya jawo wa kansa. Ashe taron da muke cewa ba ya kallo, yana kallo har yana shari'a. Kau da kai na ladabi da kau da kai na ƙyama kamanninsu ɗaya daga waje, wuya ne ya juya, ido ya sauka. Mai yin su kaɗai ya san wanne ya yi, wani lokaci shi ma ba ya so ya sani.

A nan ne maganar ta fi yi mini tsauri, domin a Châtelet, kamar sauran manyan tashoshin Paris, akwai mutanen da ba jirgi suke jira ba. Suna kwance a kan benci ko a lungun matakala, da jakunkunan leda a matsayin matashi, sun shigo neman ɗumi. Ba su fāɗi yanzu ba, sun daɗe da fāɗuwa. Ayar doka ba ta kama wanda ya wuce su, tun da ba haɗarin nan take ake gani ba. Lissafin da na yi a baya ma yana kāre mai wucewa: ba zai iya tsayawa ga kowa ba, kullum, safe da yamma, yana da yara da zai ɗauko daga makaranta. Duk gaskiya ne. Amma a nan kyautar da na yaba ta juye ta zama wani abu dabam. Ma'aikaciyar da ke hawaye tana son kada a gan ta na sa'a guda, domin tana da gida inda aka san sunanta. Mutumin da ke kan benci ba shi da inda zai koma a gan shi. Rashin gani a wajenta hutu ne, a wajensa kuwa shi ne rayuwar baki ɗaya. Mutum dubu ɗari bakwai da hamsin, kowane da uzurinsa mai kyau, sun taru sun yi abin da ba ɗayansu zai yarda ya yi shi kaɗai.

Malaman fiƙihu suna da wani kaso na wajibai da suke kira farillar kifaya: aikin da ke kan jama'a duka, in wasu suka yi ya sauka daga kan sauran, in ba wanda ya yi kowa ya ɗauki zunubi. Ban san wani tunani da ya fi wannan dacewa da tasha ba. Bai ce kowa ya tsaya ba, wanda ba zai yiwu ba. Bai kuma ce ba ruwan kowa ba. Ya bar wa kowane mai wucewa tambaya ɗaya da ba zai iya miƙa wa na kusa da shi ba: akwai wanda ya yi? In ka tabbata akwai, wuce da zuciya ɗaya. In ba ka tabbata ba, nauyin yana kanka tukuna, ko da kuna dubu. Abin da babban birni ya yi shi ne ya ɗauki ma'aikata su riƙe masa wannan farilla. Kamfanin RATP mai tafiyar da metro yana da wata ƙungiya ta ma'aikatansa, Recueil social, tun 1994, waɗanda aikinsu shi ne su bi tashoshi dare da rana, su je wurin masu kwana a ciki, su yi musu magana, su yi musu tayin kai su masauki. Wannan ci gaba ne, ba na raina shi. Ya fi sadakar da ta dogara ga wanda zuciyarsa ta motsa ran nan. Amma yana da illar da ke tattare da duk wani wakilci. Wanda ya biya haraji yana iya ɗauka ya sayi izinin daina tambayar, alhali farillar ba ta sauka da cewa akwai ofishin da ya kamata ya yi. Tana sauka ne in an yi.

Abin da ya sa nake ganin zancen ya shafi malamai shi ne, tarbiyyar da muke ba yara kusan duka ta zama da sanannu ce: yadda za ka gaida kawunka, yadda za ka zauna gaban malam, abin da maƙwabci ke bin ka. Baƙo a cikinta mutum ɗaya ne da ya sauka a zaure, aka kawo masa ruwa. Ba mu da darasi a kan baƙi dubu da ba su sauka a zauren kowa ba. Yaran kuwa a cikinsu za su rayu, a Yamai ko Kano ko Abijan, ko da ba su taɓa ganin metro ba. In ba a koya musu komi ba, ɗayan biyu za su ɗauka: ko su riƙa sa ido ga kowa da sunan zumunci, ko su koyi “ba ruwana” su zaci shi ne wayewa. Abin da mutanen Châtelet suka iya, in sun iya shi da kyau, ya fi waɗannan biyu wuya, wato ka sauke ido ba tare da ka rufe shi ba.

Misalin da malamai suka fi bayarwa na farillar kifaya shi ne jana'iza. Wata ƙungiya a Faransa, Les Morts de la Rue, tana ƙidaya waɗanda suka mutu ba su da matsuguni. A 2023 ta ƙidaya aƙalla 735 a faɗin ƙasar. Kowace shekara tana taruwa a bainar jama'a a karanta sunayensu da shekarunsu, wanda ba a san cikakken sunansa ba a faɗi abin da aka sani. Tun 2004 kuma, bisa yarjejeniya da hukumar birnin Paris, ƴan sa-kanta ke raka gawar duk wanda ya mutu ba a sami danginsa ba zuwa maƙabartar Thiais, kudu da birnin. Su kan je su biyu, su tsaya bakin kabarin mutumin da ba su taɓa gani da rai ba, su karanta ƴan kalmomin da aka rubuta dominsa, su ajiye fure, sa'an nan su matsa ga kabari na gaba.